Auna Haɗarin Gobara a Wuraren Aiki da na Ciniki: Misalin Ƙasar Karaye da Rogo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana wani aiki da ake kira auna haɗarin gobara, watau binciken da mai wurin aiki ko mai wurin ciniki yake yi tun wuta ba ta tashi ba, domin ya san inda za ta iya tashi, da abin da za ta ci, da wanda za ta rutsa da shi. An ɗauki ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, don ta zama abin misali, saboda dalilan da za su bayyana nan gaba kaɗan.

Gobara ba baƙuwa ba ce ga jama'ar Jihar Kano. Ta ci Kantin Kwari a shekarar 2010, ta ci kasuwar Singa a watan Fabrairu na 2016, sa'an nan a watan Maris na wannan shekarar ta tashi da daddare a kasuwar Sabon Gari, inda hukumomi suka ce shaguna wajen 3,800 suka ƙone. Abin da yakan biyo baya kowa ya san shi. Manya su zo jaje, a kafa kwamitin bincike, a buɗe asusun taimako. Duk wannan alheri ne, amma alherin bayan ɓarna ne. Aikin da ake magana a kansa a nan na gabanin ɓarna ne, kuma ba ya bukatar komai da farko illa ido, da takarda, da alƙalami, da faɗa wa kai gaskiya.

Dalilin zaɓen Karaye da Rogo

Gobarorin da aka ambata sun faru ne a cikin birnin Kano, inda hedikwatar hukumar kashe gobara ta jiha take, inda motocinta suka fi yawa. Duk da haka wuta ta yi abin da ta yi. To, ina ga garin da ke tafiyar fiye da awa guda a mota daga birni? Karaye ke nan, Rogo kuwa ta fi ta nisa, tana can kan iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina. Ko da an sami motar kwana-kwana a kusa, kafin a sanar da ita, ta taso, ta bi hanyar burji zuwa wurare irin su Zarewa ko Fulatan ko Yammedi, rumfar kara da zana ta riga ta zama toka. Ruwan da mota ɗaya take ɗauke da shi ma, cikin 'yan mintoci yake ƙarewa idan ana fesa shi da ƙarfi.

Akwai wani abin lura. A ƙasar Karaye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a shekarar 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da mita-kubik miliyan 900. Amma ruwan da ke cikin dam ba ya kashe wutar da ta kama sito a cikin gari. Ganga biyu cike da ruwa a bakin ƙofar siton sun fi dukan dam ɗin amfani a minti biyar na farko.

Dalili na biyu shi ne irin sana'ar ƙasar. Ƙasar noma ce: masara, da dawa, da shinkafa, da waken suya, da rake, da barkono. Daga kaka zuwa bazara gari yakan cika da busasshen abu, ga hatsi a sito, ga kara da harawa a kan ɗakuna da bishiyoyi, ga ɓuntu tsibi-tsibi a bayan injinan shinkafa. Wannan lokaci kuwa shi ne na hunturu, sa'ad da iska take bushewa ƙarau, take kuma kaɗawa da ƙarfi, mutane suna hura wuta don jin ɗumi. Watau lokacin da dukiya ta fi taruwa shi ne lokacin da ta fi saurin kamawa.

Abin da wuta take bukata

Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da zai kunna ta, da abin da za ta ci, da iskar oksijin wadda ke cikin iskar da ake shaƙa. In an raba ɗaya da sauran biyun, babu gobara. Iska dai ba a iya kore ta daga shago. Saboda haka aikin mai bincike ya tattara ne ga neman wuraren da makunni da makamashi suke maƙwabtaka, ya raba su.

Ga yadda abin yake a wuraren da kowa ya sani.

Injin niƙa shi ne masana'antar da ta fi yawa a waɗannan garuruwa. A ɗaki guda za a tarar da inji mai zafi, da salansa da ke fitar da tartsatsi, da jarkar man dizal, da bel da ke goga, da ƙurar gari da ta lulluɓe komai har kan azara. Mutane da yawa ba su san cewa ƙurar hatsi, idan ta yi yawa ta tashi cikin iska a rufaffen ɗaki, takan iya kamawa gaba ɗaya kamar albarushi ba. Dalili kuwa, kowace ƙwayar ƙura iska tana kewaye da ita ta ko'ina. Maganin wannan ba mai tsada ba ne: share ƙura kullum bayan an kashe inji, fitar da salansa ta bango zuwa waje nesa da tarin dusa ko ɓuntu, da ajiye mai a wani wuri dabam. Haka abin yake a wurin masu dafa mazarƙwaila, inda busasshen raken da aka matse ruwansa shi ne itacen murhu, shi ne kuma aka jibge dab da murhun.

Fetur ya cancanci a daɗe a kansa, domin a kan hanyoyin karkara akwai masu sayar da shi a jarka da kwalabe, kuma kusan kowane shago mai janareta yana da nasa a ajiye. Abin da ke kama wuta a fetur tururinsa ne, ba ruwan ba. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 na zafi, dizal kuwa sai ya haura 50. Ma'anar wannan ita ce babu wani lokaci, dare ko rana, sanyi ko zafi, da buɗaɗɗiyar jarkar fetur ba ta da haɗari. Kananzir ma, a shagon kwano cikin watan Afrilu, ya riga ya kai matsayin da zai kama. Bugu da ƙari, tururin fetur ya fi iska nauyi, sai ya bi ƙasa yana malala kamar ruwan da ba a gani, har ya iske murhun mai shayi ko tukubar mai tsire da ke can gefe, wuta ta biyo shi ta dawo cikin jarka. Iskar gas ta girki ita ma haka take, ƙasa take kwanciya. Abin da ya faru a garin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a Jihar Jigawa, cikin watan Oktoba na 2024, inda tankar fetur ta faɗi ta kama wuta mutum fiye da 150 suka rasu, ya isa shaida a kan halin wannan mai. Mai bincike zai tambaya: lita nawa ake ajiyewa, a cikin me, taku nawa ne tsakaninsa da wuta mafi kusa, kuma ana ɗura wa janareta mai yana aiki ko sai an kashe shi ya huce?

Sito kuwa haɗarinsa a ɓoye yake. Harawa ko auduga da aka tara da danshi takan yi zafi daga ciki, saboda ƙananan halittun da ke cin ta, har wani lokaci ta fara ci da kanta ba wanda ya kunna mata ashana. Sau da yawa kuma akan haɗa hatsi da takin zamani da maganin feshi da man injin ban-ruwa a ɗaki ɗaya, don kawai ɗakin ne mai ƙofar ƙarfe. In wuta ta kama irin wannan ɗaki, hayaƙinsa guba ne, hatsin da ya tsira ma ba ya ciyuwa.

A kasuwa babban abin dubawa shi ne tazara. Rumfa tana jingine da rumfa, hanyar da aka bari don wucewa an kafa tebur a kanta, mai walda yana aiki kusa da mai katifa. Wutar da ta tashi a rumfa ɗaya ta kowa ce. Shi ya sa binciken kasuwa ba ya yiwuwa ga mutum guda, sai sarkin kasuwa da shugabannin layuka da ma'aikatan ƙaramar hukuma sun zagaya tare. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A kasuwa kam gemun a haɗe yake.

Ofishin gwamnati

Ma'aikaci yakan ɗauka cewa gobara ta 'yan kasuwa ce, shi yana cikin ginin siminti. Amma siminti bango ne kawai. Silin katako ne ko kwali, kujeru soso ne, labule yadi ne, ga fayil-fayil na shekara da shekaru a jibge har rufi. A sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin ilmi, ko kotu, ko asibiti, akwai takardun da in sun ƙone ba kuɗin da zai dawo da su: takardun filaye, da na ɗaukar ma'aikata, da na fansho, da na shari'a. Tsohon malamin makaranta da fayil ɗinsa ya ƙone zai iya shekaru yana zarya kafin ya tabbatar da ranar da ya kama aiki.

Makunnin wuta a ofis galibi lantarki ne. Soket guda na bango mai amfiya 13, a kan wuta mai ƙarfin bolt 230, abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba. Butar lantarki ɗaya takan ci wajen 2,000. In aka jona mata firji da na'urar ɗab'i da fanka a kan 'yar wayar ƙari mai araha, waya za ta yi zafi, robarta ta narke. Fis an yi shi ne don ya tsinke kafin waya ta kai haka, amma akwai mugunyar al'ada ta ɗaure fis da waya mai kauri don kada ya riƙa damun mutane. Wanda ya yi haka ya kori maigadi ne don yana yawan tashin sa daga barci. Har ila yau akwai matsalar ɗaukewar wuta. A ɗauke ta da rana, ma'aikata su tashi su bar komai a kunne, ta dawo da tsakar dare ba kowa. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin wani abu, watau baturan wutar sola da ake girkewa a lungun da iska ba ta shiga, wani lokaci ma a ɗakin ajiyar takardu, don shi ne mai makulli.

Kada a manta da maigadi na ainihi. Cikin sanyin Disamba da Janairu yakan hura wuta a kasko a bakin baranda, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Hana shi ba ya aiki, domin da shugaba ya juya baya zai hura. Abin da ke aiki shi ne a ware masa wuri a fili, nesa da taga da janareta, a aje masa bokitin yashi.

Wanda wuta za ta rutsa

Bayan an gama da kaya sai a koma ga mutane, kuma wannan shi ne sashen da aka fi tsallakewa. Yawancin waɗanda gobara take kashewa a cikin gini hayaƙi ne yake fara kayar da su, tun harshen wuta bai taɓa su ba. Hayaƙi yana hana gani, yana ɗauke da iskar kabon monoksayid wadda ke sumar da mutum. Saboda haka tambayar ita ce: in wuta ta tare ƙofar da aka saba bi, ta ina za a fita?

A nan tsoron ɓarawo da tsoron wuta suke karo. An sa wa tagogi ƙarafa, an kulle ƙofar baya da kwaɗo, makulli yana aljihun wanda ya tafi cin abinci. Tarihi ya sha nuna sakamakon haka. Ran 25 ga Maris, 1911, wuta ta kama wata masana'antar ɗinki a birnin Niyok na Amurka, ma'aikata 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata, domin an kulle wasu ƙofofin fita. A shekarar 2002 an ga irin wannan a wata masana'antar roba da ke Ikorodu ta Jihar Legas, inda ma'aikatan dare da dama suka halaka, rahotanni kuma suka ce a kulle suke. Shagon da yaron shago yake kwana ciki, maigida ya kulle daga waje ya tafi da makulli, ƙaramin misali ne na abu guda.

Mai bincike zai lissafa mutanen wurin ɗaya ɗaya, har da waɗanda ba sa cikin takardar albashi: almajirin da ke kwana a baranda, da yaran da ake aikowa niƙa, da makaho ko gurgu a cikin ma'aikata, da majinyacin da ba ya iya tashi, da baƙon da ya zo ofis bai san hanya ba.

Aunawa da gyara

Ba kowane haɗari ne daidai da ɗan'uwansa ba, kuma ba mai kuɗin da zai gyara komai rana ɗaya. Don haka ake auna kowanne da ma'auni biyu: yiwuwar aukuwarsa, da girman ɓarnarsa in ya auku. Abin da ke da sauƙin faruwa kuma zai iya cin rai, kamar fetur a ɗakin da mutum ke kwana, yau za a gyara shi, ba gobe ba. Wanda ke bukatar kuɗi, kamar sake wayoyin gini, a sa masa wa'adi, kafin nan a rage kayan da ake jonawa.

Gyara ma yana da daraja hawa hawa. Mafi kyau shi ne a kawar da abin gaba ɗaya. In ba zai yiwu ba a rage yawansa, in ba zai yiwu ba a nisanta shi da wuta. Sai bayan wannan ake maganar kayan kashe gobara. An faɗi haka ne domin mutane da yawa daga ƙarshe suke farawa. Su sayi jan tulun kashe gobara su rataye a bango, su ɗauka an gama. Tulu mai hoda, matsakaici, feshinsa bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, ƙasa da rabin minti, kuma ba ya amfani sai wuta tana ƙarama, sai kuma a hannun wanda aka taɓa nuna wa yadda ake zare masa ƙusa a auna gindin wuta. Da yawa an rataye su shekaru ba a duba ba, ranar bukata a tarar ba iska a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajibi ne kuma kowa a wurin ya san wutar da ruwa ke kashewa da wadda yake ƙara wa ƙarfi. Ruwa na katako ne da takarda da yadi da kara. In aka watsa shi kan fetur, man zai hau kan ruwan ya bi shi yana ci. In aka watsa kan man suya mai tafasa, zai yi tsiri ya fantsama. In aka watsa kan waya mai wuta, mai watsawar ne zai fara faɗuwa. Yashi, da jiƙaƙƙen buhun algarara, da murfin tukunya, da sanin inda babban makashin lantarki yake, sun ceci shaguna da yawa.

Rubutawa

Binciken da ba a rubuta ba hira ce. Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. A kowane layi a rubuta abin da aka gani, da wanda zai shafa, da abin da za a yi, da sunan wanda zai yi, da ranar gamawa. Alal misali: an ga jarkar fetur biyu a ɗakin janareta, haɗarin yana kan maigadi da masinja, za a mayar da su akwatin ƙarfe a bayan gini, ma'ajin sito ne zai yi, kafin Juma'a. Gurbin suna shi ne mafi muhimmanci, domin a ofis aikin da aka ce na kowa ne ba mai yin sa. A bangon littafin a rubuta lambar wayar 'yan kwana-kwana mafi kusa, da wurin da za a taru a ƙirga mutane bayan an fita.

Doka, da wanda nauyi ke kansa

Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta shekarar 1987 ta wajabta wa masana'anta ta tanadi kayan kashe gobara da hanyar tsira, ta kuma hana kulle ƙofofi yadda ma'aikatan da ke ciki ba za su iya buɗewa ba. Amma doka ce ta masana'antu, kuma masu duba ta ba su da yawan da za su bi ƙauye ƙauye. Ingila ta daɗe a kan tsarin da 'yan kwana-kwana ke duba gini su ba da takardar shaida. A shekarar 2005 ta yi sabuwar doka, wadda ta fara aiki a 2006, ta ɗora nauyin binciken a kan mai wurin ko shugabansa, hukuma kuwa ta zo ta ga ko ya yi. Hikimar ita ce, jami'i yakan zo sau ɗaya ya tafi, mai wuri kuwa shi ya san inda ake ɓoye jarka. In ƙasar da ke da tashar kashe gobara a kusan kowane gari ta ga dacewar haka, Karaye da Rogo sun fi ta bukata.

Akan ji wasu suna cewa gobara ƙaddara ce, bincike ba ya hana ta. Lalle komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya iske Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta in za a kwanta barci. Wanda ya zagaya shagonsa da magariba yana zare soket bai fita daga tawakkali ba.

Saura maganar lokaci. Bincike yakan tsufa, domin wuri yana sakewa: an sayo sabon inji, an toshe wata ƙofa, an ƙara rumfa, an sauya maigadi. Duk sa'ad da irin wannan ya faru sai a sake dubawa, haka nan bayan kowace 'yar wuta da aka kashe ba ta yi ɓarna ba, domin ita ce ta nuna inda raunin yake. Ban da wannan, a ƙasar Karaye da Rogo lokacin da ya fi dacewa da babban zagaye na shekara shi ne watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, amfanin gona bai gama shigowa sito ba, hunturu bai sauka ba. A lokacin sito yana da filin da za a raba taki da hatsi, ciyawar da ke kewaye da katanga ba ta gama bushewa ba balle wutar daji ta biyo ta, ƙoramu kuma suna da ruwan da za a cika ganguna.